Ɗamarar da Baba Ya Ɗinka wa Bayansa

Babana tela ne, mai taurin kan tsiya. Da zaman keken ɗinki ya cinye masa baya, sai ya ɗinka wa kansa ɗamara mai kauri, ko barci ba ya kwance ta.

Da na kai shi asibiti, likitar gashin ƙashi ta danna ƙugunsa, ta ɓata rai. "Baba, ɗamarar nan ta karɓe aikin tsokar bayanka, tsokar kuwa ta sangarce. Cire ta, mu fara motsa jiki."

Ya harare ta, ya harare ni. Yana kwancewa ƙafafunsa suka hau rawa, ya damƙe kafaɗata.

"Ɗinkina ba shi da laifi," in ji shi.

Ta ce, "Ko kaɗan, Baba. Kyan da ya yi ne ya cuce ka."