Yatsan da Ya Ƙi Shaida Mai Shi

A wani ofishin rajista a Gusau akwai wani tsoho siriri zaune, hularsa a karkace, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Daga Kwatarkwashi yake, kuma babu wanda bai faɗa wa ba a layin. Katin shaida yake nema don ya samu zuwa Makka bana, amma na'ura ta ƙi karɓar zanen babban yatsansa. Da alama fartanya ta daɗe da shafe shi.

Yana lasar yatsan, yana goge shi a riga, yana sake dannawa. Jar wuta dai take kawowa.

"Baba, ba ta gane ka ba," in ji ma'aikaciyar.

"Ɗiyata, shekara saba'in muna tare da shi, yau zai ce bai san ni ba?"

Ya ɗaga yatsan yana hararar sa, sai kuma ya yi murmushi.

"Malaminmu ya ce ranar alƙiyama hannun mutum zai ba da shaida a kansa. In wannan ya yi shiru haka a can, ai na huta. Amma yau dai ya daure ya yi magana. Sake gwadawa."