Tayar da Bulus ya ƙi gyarawa

Shekara shida ke nan da muka binne Bulus mai faci, wanda rumfarsa ke gindin mangwaro a hanyar fita Kafanchan zuwa Kagoro. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna. A aji uku na bar firamare, kuma malaminmu bai yi kukan rabuwa da ni ba. Tuƙi na sani, shi ma akwai masu gardama.

Ina da tsohuwar akori-kura da nake ɗaukar citta daga ƙauyukan Fadan Kagoma. Tayar baya ta hannun hagu ba ta taɓa cika mako da iskarta ba. Kowace Asabar sai ta kwanta, ni kuma in lallaɓa da ita wurin Bulus.

Bulus yana da tsarinsa. Duk motar da ta zo, kafin ya taɓa komai sai ya durƙusa, ya lakato miyau da yatsa ya shafa a bakin bawul, inda ake ba taya iska. In kumfa ya taso, an kama ɓarawo. In bai taso ba, ya bi taya yana neman ƙusa. In babu ƙusa, ya duba ko ramin hanya ya lanƙwasa rim, wato ƙarfen da taya ke kai, ko tsatsa ta ci gefensa, ko tayar ce ta tsufa ta tsattsage. Daga nan sai tif na cikin taya ya shiga rabin duro na ruwa. Haka yake yi wa fasto, haka yake yi wa ɗan acaɓa.

Ni kuwa tawa sai dai ya harbe ta da ƙafa.

"Sanyin dutsen Kagoro ne," in ji shi. Wani makon ya ce tumbina ne. Na ce, "Kai tsohon banza, ni a gaba nake zama, tayar tana baya." Ya ce, "To ita ma tana jin labari. Zauna."

Sai in zauna a benci. Ya kunna inji ya ba ta iska, aikin da bai kai a daɗe ba, amma rana ta karkata muna nan. Mu ci gyaɗa, mu zagi gwamnati, mu zagi mawaƙan cocinmu. Bayan matata Saratu ta rasu, yara kuma suka watse Abuja da Jos, wannan bencin ne kaɗai inda ake kirana da sunan da uwata ta sa mini.

Da ya rasu, wani magidanci daga Samaru Kataf, Yakubu, ya karɓi rumfar. Asabar ta farko na kai masa tayar. Ya shafa miyau, kumfa ya taso kamar an zuba omo. Ya ɗauko ɗan ƙarfe ya murɗa ƙwayar bawul sau ɗaya.

"Baba, an gama. Wa yake duba maka ita da?"

Bulus ne fa. Mutumin da yake jin taya tana sacewa daga tsallaken titi, a ce wannan ya ɓace masa? Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin yatsansa a bakin bawul ɗina ba.

Tun ranar tayar ta tsaya kyam, ni kuma na rasa wurin zuwa. Namiji da furfura ba ya tashi haka kawai ya je ya zauna a rumfar wani yana kallon hannunsa. Nakan leƙa ta da safe ko ta yi ƙasa. Ba ta yi.

Ina tunanin me Bulus zai ce da yau. Tayoyi sun zama marasa tif, rabin duronsa an shuka albasa a ciki. Motar surukina ma da kanta take kunna fitila ta ce iska ta ragu. Na san zai ce motar da ke kai ƙarar tayarta ba abokiyar tafiya ba ce. Yanzu kowa a gyara masa ya wuce. Ba laifi ba ne, aiki ya fi kyau. Benci ne dai ya yi ƙura.

Ranar Lahadin da ta wuce bayan sujada na ba Mama Rifkatu, matar Bulus, wannan labari. Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane, sannan ta tambaye ni sunan wanda ya karɓi rumfar.

Bulus bai bar gida mai bene ba, allon rumfarsa ma an shafe. Abin da ya bari ban san sunansa ba, amma jiya Asabar na gan shi. Na zo wucewa, Yakubu ya ɗaga mini hannu. Ya zagaya bayan mota, ya harbi tayar nan da ƙafa, tayar da na san ƙalau take.

"Baba, ta yi ƙasa. Sanyin Kagoro ne. Zauna."

Na zauna. Ya miƙo gyaɗa, cikin ladabi sosai. Har na tashi ina jira wani ya zagi tumbina.