Dawar Babanmu da Rijiyar Yaya

Yayana ya bar aikin ƙaramar hukuma da tumbi da kuma yaƙinin cewa duk abin da ya yi nawa, rashin tsawa ne ya sa. Shekara da shekaru yana buga tebur masinja na rugawa, sai ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya. Da wannan ilimin ya shiga noma.

Ni ƙanwarsa ce. Ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata a Ƙauran Namoda, nakan leƙa gida Zurmi ƙarshen mako idan hanya ta yi kyau. Mahaifinmu malami ne mai noma, kuma ya rasu ya bar mana wata dawa da ba a samunta a kasuwa: ƙwaya manya, launin ruwan ƙwai, tuwonta ya kwana bai saki ba. Kakansa ne ya zo da ita daga wajen Gurbin Bore. Danginmu na can sun bar gonakinsu tun da daji ya lalace, irin da suka fito da shi kuma yunwa ta sa suka daka. Iyakar saninmu, abin da ya rage na wannan dawa shi ne zangarnun da Inna ke ratayewa a madafa kowace kaka, hayaƙi na kore musu ƙwari.

Yaya ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarmu ta bayan gari, ya ɗora mata sola. Tsakiyar bazara, ko hadari bai fara haɗuwa ba, ya shigo gida ya ce a sauko masa da irin. Lissafinsa mai sauƙi ne. Talakawa na jiran sama, shi kuwa ruwansa na hannunsa, zai shuka yanzu ya ci sabuwar dawa lokacin da maƙwabta ke noman farko. Har karin magana ya kawo, wai wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa musu. Duk abin da take so ya ji, ni take faɗa wa, ko da yana zaune a tabarma ɗaya da mu. Ranar kuwa ina Ƙaura ina fama da jarrabawa. Ba ta da bakin da za ta ara, sai ta juya baya tana gyaran wuta, ya miƙa hannu ya kwashe zangarnun duka. Da na zo ta ce da ni, “Da kina nan da kin ce ma mutumen ga shi bar min ko biyu.” Na ji haushin kunyar nan kamar in yi kuka.

Dawa ta fito, kuma gaskiya ta yi kyau. Ruwa safe da yamma, taki kamar ba saye ake ba. Kafin damina ta kankama ta fi mutum tsawo. Yaya ya sa aka kafa masa rumfa a bakin gona, yana kawo tsofaffin abokan aiki su sha kallo. Don tsoron ɓarayin sola ya kafa wata ƙatuwar fitila a kan ƙarfe kusa da rijiyar, tana ci tun magariba har asuba. Maƙwabta suka yi shukarsu da ruwan sama kamar kullum, ya riƙa yi musu sannu irin ta mai mota ga mai jaki.

Lokacin da ya ɗiba wa dawar ya zo ya wuce, ba ta ko nuna alamar ciki ba. Ganye kan ganye, gaɓa kan gaɓa, tana ta tafiya sama. Ya ƙara taki, ta ƙara tsawo. Aka yanke gero a gari, yara suna gasa tumu, shi yana tsaye gindin kara mai tsawon zaure yana ɗaga kai har hularsa na faɗuwa. Masu wucewa suka fara tambayarsa ko azara yake nomawa.

Na same shi a rumfar na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Dawar gargajiya irin tamu ba ta lissafi da ranar da aka shuka ta. Ganyenta ne ke auna tsawon dare. Muddin dare gajere ne, ƙoƙon da ke can tsakiyar kara, wato inda sabon toho ke fitowa, ganye kawai zai yi ta fitarwa. Sai damina ta juya, dare ya ƙara tsawo ya kai yadda take so, sannan ganye ya haɗa wani sinadari ya aika wa ƙoƙon cewa ya bar ganye haka, ya fara zangarniya. Shi ya sa wanda ya shuka da ruwan farko da wanda ya makara duk kusan tare suke ganin kai. Kakanninmu suka yi ta zaɓen irin da ke haka, don ƙwaya ta nuna bayan ɗaukewar ruwa, kada ta ruɓe. Na roƙe shi abu biyu: ya yi haƙuri har dawar maƙwabta ta fid da kai, kuma ya kashe fitilar nan, don haske cikin dare yana raba mata daren biyu, ta ɗauka har yanzu gajere ne.

Ya dube ni kamar na zo neman aiki ba takarda.

“Wato dawa ad da agogo? Hitila ta hana ta haihuwa? Ke dai ki koma ki koya ma ɗiyan mutane zanen kwaɗo. Ni na san mi ad damun gonag ga. Baki na.”

Bakin mutane, in ji shi. Mutumin da ya tara rabin gari a rumfa don su yaba, shi ne yanzu yake kuka da idonsu. Aka rataya fasasshiyar ƙwarya a kusurwa huɗu, aka yi sadakar waina. Ban raina sadaka ba, ɗiyar malam ce ni, amma Allahn da ake roƙo shi ne ya sa wa dawar nan ƙa'idarta, kuma ba zai sauya ta don tsohon ma'aikaci ya ƙosa ba. Fitilar kuwa ya ƙara mata batir.

Inna ta kira ni ɗaki. “Ki ce mai, ko ba ta yi komi ba, shi bar ta ta mutu tsaye. Irin malam na.” Na faɗa masa kalma da kalma, tana jinmu daga bayan labule. Ya ce to, irin “to” ɗin da yake ba masu kawo koke ofis.

Abin da ya kashe dawar ba yunwa ba ce, ba asara ba. Dariya ce. Wani abokinsa ya ce masa a wurin ɗaurin aure, gaban jama'a, ko za a kawo tsani a duba masa saman. Kwana kaɗan bayan haka, ina makaranta, ya kira masu adda suka kwantar da gonar, ya sayar wa masu shanu ɗanyen karan.

Da na iso ana lodin na ƙarshe a amalanke. Na zaro kara ɗaya daga na kusa da fitila na tsaga, ganye ne nannaɗe har ciki. Na je can ƙarshen gona inda hasken bai kai ba na tsaga wani. Ga ta nan, zangarniya, fara fat, ba ta fi ɗan yatsana ba, lallausa kamar ƙwan kifi. Saƙon ya riga ya iso, 'yan makonni kawai take nema. Na kai masa a tafin hannu. Ya leƙa ya ce, “Haka Allah ya ƙaddaro.” Mutum ya sa adda da kansa, sannan ya miƙa wa ƙaddara ƙotar.

Duk da haka ban fid da rai ba, domin na san halin dawa. Ƙoƙon sama, muddin yana nan, yana sako wani sinadarin da ke danne idanun da ke gindin kara, ya hana su tohowa. In an sare shi, danniya ta kau. Haka kuwa aka yi. Mako na zagayowa tushiyoyin suka fito da gyauro, kore shar, biyu uku a kowane gindi. Dare kuma ya riga ya yi tsawo, don haka wannan tohon ba zai ɓata lokaci ba, zai fid da kai tun yana gajere. Ba za a cika rumbu ba, amma za a samu iri. Na ruga na gaya wa Inna, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ta ce in ce masa kunya biyu kawai take roƙo, can nesa da fitila, a ba su ruwa.

Na faɗa masa. Ya ce to.

Amma gyauron nan shaida ne, kuma Yaya ba ya son shaida. Duk wanda ya ga zangarniya a gonar zai san ba baki ba ne. Wani kuma ya riga ya hure masa kunne cewa arziki yana cikin albasa. Asabar ta gaba na tarar garmar shanu ta bi gonar daga kan iyaka zuwa kan iyaka, saiwoyi a sama suna shan rana, awaki na tsintar abin da ya rage. Na bi kunya kunya ina tona ƙasa da hannu ko zan samu gindi ɗaya mai rai. Ban samu ba.

Da yamma ya shigo gida da fara'arsa, ya zauna bakin ƙofar Inna yana yi mini bayani don ta ji, cewa baɗi zai kawo irin zamani mai wata uku, wanda ba ruwansa da dare. Inna tana tsintar wake a faifai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba, sai ranar. Ta ɗago ta dube shi cikin ido.

“Shuka abinka,” ta ce. “Ni na gama noma.”

Ta rayu damina uku bayan haka, kuma ba ta sake tambayar kowa ko ruwa ya sauka a gona ba.