Ranar Da Abokina Ya Samo Wa Surukinsa Kaka a Italiya

Ko na manta da komai na zaman Ingila, ba zan manta da ranar da na raka abokina gaisuwar surukai Birmingham ba. Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, na rufe laburare ɗaya bayan ɗaya, a jami'a kuma ana raɗe-raɗin za a soke sashen tarihi ɗungurungum. To shi abokin nawa, da muke gida ɗaya a unguwar Whalley Range ta Manchester, tarihin yake karantawa. Ba ma na Kano ko Katsina ba, na wani tsohon gari ne a bakin teku a kudancin Italiya, wanda wasu Musulmi daga Afirka suka taɓa riƙewa na ɗan lokaci. Mutum ne mai gyara wa kowa magana. Ka ce masa jiya an yi ruwa, sai ya tambaye ka wa ya ruwaito.

Wadda yake so 'yar wani likita Bahaushe ce a unguwar Aston ta Birmingham, kuma uban ya riga ya ce bai ga abin da mai tarihi zai ciyar da 'yarsa da shi ba a wannan marra. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda mu zo.

Muna durƙushe a kan kafet, likita ya tambaye shi me yake nazari, da muryar wanda ya gama yanke hukunci. Yana jin sunan garin sai ya gyara zama. Ashe bara ya je hutu can, mai zagayawa da baƙi ya nuna musu ganuwa, ya ce wani baƙin sarki Musulmi ya taɓa mulkin wurin. Shi ke nan likita ya tsayar da cewa kakansa ne, tunda dama a gidansu ana cewa daga ƙetaren Sahara suka zo. Har faranti mai hoton garin ya rataye a falo.

Na sha jin labarin mutanen nan a bakin abokina har ya gundure ni: mayaƙan haya ne da 'yan fashin teku, suna kama mutane suna sayarwa, daga baya aka fatattake su, babu abin da ya haɗa su da ƙasar Hausa. Na tabbata yanzu abokina zai fara gyara masa magana, mu koma Manchester ba mata. Na zungure shi da gwiwar hannu.

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai tun da muka shigo nake kallon hancinku. Irin na gidan sarkin ne sak."

Hanci! Mutumin da ya mutu fiye da shekara dubu, ba hoto ba zane. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na faɗa. Shi kuwa likita nan take ya ƙwala wa uwargida kira a ƙaro nama, ya ce dama shi yana ganin mutuncin masu bincike, gwamnati ce ba ta san darajarsu ba.

A mota na ce masa ina ruwayar, malam? Yana kallon titi ya ce, "Sarkin nan ya mutu, ba abin da zan rage shi da shi. Yarinyar kuwa tana bayan ƙofar kicin tana ji."

An ɗaura aure, kuma a wajen walima abokin nawa aka tayar ya yi wa jama'a bayanin asalin amarya. Ya yi shi tiryan-tiryan, har da hanyar da raƙuma suka bi, mutane na ta kabbara. Yanzu 'ya'yansa, da turancinsu na Birmingham, suna gaya wa 'yan ajinsu cewa su jinin sarautar Italiya ne.

Tun daga ranar, in aka ba ni tarihin asalin wani gida, ba na gardama. Sai dai in tambaya a raina: wanda ya fara faɗa, 'yar wa yake nema?