Fiyus a Jakar Maman Oby

A Sabon Garin Zariya aka haifi Clementina, a wani layi kusa da tashar jirgin ƙasa inda mahaifinta ya yi aikin reluwe har ya tsufa. Da Hausa ta buɗe baki, kuma har yau idan ranta ya ɓaci da Hausa take faɗa. Keken ɗinkin da take takawa na mahaifiyarta ne, shagon ma daga hannunta ta karɓa. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, mai shi ya raba shi biyu da katako don ya zuba 'yan haya biyu. Duk layin Maman Oby ake kiranta, da sunan 'yarta ta fari.

A ɗaya gefen katakon Ɗalhatu yake. Da can gyaran rediyo yake yi, da rediyo ya daina ciyar da mutum sai ya koma batir. Yakan hau keke napep zuwa Samaru, ya bi masu gyaran kwamfuta a bakin jami'a, ya cika buhu da matattun batiran kwamfutocin ɗalibai. In ya dawo sai ya fasa su, ya fid da ƙwayoyin litiyom da ke ciki, ya liƙa su da dalma, ya naɗe da salatif. Daga nan fitila ke fitowa, da fanka mai caji, da abin cajin waya. Garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa, irin wannan kaya ba ya kwantai.

Duk batirin da ya fasa akwai wani ɗan koren allo a ciki, aikinsa ya yanke caji idan batir ya cika. Ɗalhatu ɓalle shi yake yi ya jefa a gwangwanin madara, ya jona waya kai tsaye daga caja zuwa batir.

"Wannan ɗan allon mugu ne, Maman Oby," in ji shi. "Batir bai ƙoshi ba sai ya janye masa kwano."

"To wa zai gaya maka ya ƙoshi?"

"Hannuna. In ya yi ɗumi ya cika, in ya yi zafi a zare."

Akwai wata tsohuwar al'ada tsakaninsu. Ranar Lahadi tana coci, shi ke karɓar mata yadi daga hannun masu kawo ɗinki. Ranar Juma'a yana masallaci, ya bar mata ƙofa a buɗe. Da can ido kawai take sa masa. Da batir ya zo sai aikin ya ƙaru: ta riƙa ajiye almakashi tana zagayawa, tana shafa batiran ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba zazzaɓin yara, wanda ya yi zafi ta zare. Abin yana cin ranta. An cire abin da masu ƙera batir suka sa, an maye gurbinsa da tafin hannunta, ba wanda ya tambaye ta. Wata rana ta tarar da guda ya kumbura kamar fanke, ta ɗauka ta kai wa mai shagunan. Ya jujjuya shi ya ce, "Madam, kowa da sana'arsa. Ke ma ai allura kike riƙewa."

Juma'ar da abin ya faru, bazara ce, kwanon rufi kamar tanda. Tun asuba babu wuta. Ɗalhatu ya leƙo da dardumarsa a kafaɗa.

"Yau kin huta da gadi, Maman Oby. Daga masallaci Samaru zan wuce."

Ya datse kwaɗo ya tafi. Bai gaya mata cewa ya bar batiran duka a jone ba, kamar yadda kowa ke yi don kada wuta ta zo ta koma ba a more ta ba.

Bai daɗe da tafiya ba ƙwan shagonta ya kama. Ta yi murna, ta jona dutsen guga, ta hau goge ankon da matan barikin Basawa suka kawo na bikin 'yar ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ta goge sai ta rataye a ƙusoshin jikin katako. Wajen la'asar ta ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar na maganin goge farce. Sai kuma huci, kamar taya na sacewa. Ta ɗora tafinta a kan katakon, ta janye da sauri.

Mita da fiyus na shagunan biyu, wanda ake zarewa a yanke wuta, duk a ɗakin Ɗalhatu suke, bayan kwaɗo. Ta ruga wurin Okechukwu mai kayan gini, ya zo da guduma ya doke kwaɗon. Ƙofa na buɗewa batir ɗaya ya fashe, ya wuce ta gefen kunnensa kamar harsashi, ya faɗa kwata. Sauran suka bi, kowanne ya kunna na kusa da shi. A zuba ruwa wutar ta kwanta, a juya baya ta sake tashi. Maman Oby ta koma nata shagon cikin hayaƙi ta ja keken mahaifiyarta har titi. Kafin ta juyo, katakon ya kama, anko ya kama da shi. Sai da mutanen layi suka kwashe yashin Okechukwu kaf suka watsa wa wutar kafin ta mutu.

Ana cikin kwashe toka Ɗalhatu ya sauka daga keke napep da sabon buhun batir a kafaɗa. Ya tsaya yana salati.

"Ƙaddara ce, Maman Oby. Sai haƙuri."

"Ƙaddara ce ta ɓalle allon ta sa a gwangwani?"

"Ai babu wuta da na tafi."

"Wuta takan aiko maka da saƙo kafin ta zo? Malam Ɗalhatu, hannuna ka mayar makunni, yau kuma ka kulle makunnin a waje. Sauke buhun nan daga gabana."

Ita ta bi gidajen matan barikin Basawa ɗaya ɗaya tana ba da haƙuri. Wasu suka ce Allah Ya kiyaye gaba, wasu ba su sake kawo mata ko ɗankwali ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda duk layin ya taru a kanta, kamar ita ce mai laifin riƙe fushi. Ba a mutu ba, ai sai godiya. Maƙwabci ɗan'uwa ne.

Da mai shagunan ya tara su, ta nemi a gina bulo a tsakani. Ya ce katako ya isa. Ta nemi Ɗalhatu ya daina ɓalle allon. Ɗalhatu ya ce in ya bar shi masu saye za su ce fitilarsa ba ta jimawa.

"To ku ji tawa," ta ce. "Fiyus ya dawo ɓangarena, ko kuwa in zauna a bakin ƙofarsa kullum, duk wanda ya zo sayen fitila in nuna masa wannan." Ta ɗaga guntun ankon da ya ƙone.

Aka dawo da fiyus ɓangarenta.

Bayan an gyara rufi Ɗalhatu ya kawo mata fitila, sabuwar haɗawa, wai ta rage zafi. Ta karɓa, ta kai ta tsakiyar bokitin yashin da yanzu take ajiyewa a bakin ƙofa, ta dasa ta a ciki.

Har yau suna nan, katako a tsakani. Ba ta ƙara taɓa batirinsa ba, shi ma ba ya karɓar mata yadi ranar Lahadi. In ya fita masallaci ta zare fiyus, ko da ita ma guga take yi. In za ta tashi da yamma ta jefa shi a jaka tare da almakashi, ta tafi da shi gidanta a unguwar Dogarawa. Da safe Ɗalhatu kan zauna a benci yana kallon ƙwan shagunan tsallaken titi a kunne.

"Maman Oby, an kawo wuta tun ɗazu."

"Na gani," takan ce, tana share ƙofar shagonta. "Sai na gama."