Taliyar da Ba Ta Jiran Gaisuwa

A shekarun da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa aljihun zubawa, aka tura ƙanena Japan ya koyo gyaran injin ban ruwa. Mu mutanen Tafoki ne, kuma kafin shi ni ne mai dogon zango a gidanmu, don na taɓa zuwa Zariya kwas ɗin malanta. Baba ya yi murna ƙwarai. Duk wanda ya zo gaishe shi, ko bai tambaya ba, sai ya ji cewa ɗansa yana ƙasar da ake ƙera babur.

Ya dawo da takardar shaida, ya kuma dawo da ciwon taliya. Wai a unguwar da aka sauke su akwai ɗan shagon wani tsoho mai sayar da taliya cikin romo, can suna ce mata ramen. Da tsohon ya gane baƙon nan Musulmi ne, sai ya riƙa yi masa tasa daban da romon kaza zalla. Daga ci ya koma leƙen tukunya, daga leƙe ya koma murji. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da agogo, shi ya dawo da matsamin taliya da tsinkayen cin abinci.

Bai daɗe a ma'aikata ba ya ajiye aikin, ana gab da ba shi rancen mota, ya kama shago a gefen tashar Yankara.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi. Daina ambatonsa kawai ya yi. In ƙanena ya zo Tafoki ya durƙusa, sai ya ji "lafiya" guda, busasshiya, Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Abin ya ci yaron nan har wuyansa ya fito. Ba jari yake nema ba, ba yabo ba. So yake Baba ya buɗe baki ya sa wa sana'ar albarka, don shi kansa bai yarda tukunya za ta yi auki ba in uba yana fushi da ita.

Ni kam ina zuwa shagon duk ran kasuwa, rabi don zumunci, rabi don kallo. Ya rataya wani guntun labule a ƙofa wanda ya rufe kai ya bar ƙafafu, mutane suna ta tambaya ko yadin ne bai isa ba. Kana ɗaga shi zai kwarara maka "Maraba!" da ƙarfi, har wani dattijo ya taɓa juyawa da baya yana tsammanin kora ce. Ciki benci ne dogo da katako a gabansa. Kala uku ake zaɓa: mai gishiri, mai daddawa, mai yaji. Yana murza taliyarsa da ɗan ruwan kanwa don ta yi tauri, ya ɗora yankan nama da rabin ƙwai da lawashi.

Mutanen Yankara sun ba shi wahala. Wani ya ce taliyar ta faɗa kogi a tsamo ta. Wani ya tsiyaye romon, wanda aka wuni ana dafawa, ya ce a kawo manja. Direbobi suka mai da tsinkayen abin sakace. Amma babbar azabarsa gaisuwa ce. Taliyar nan ba ta jira: sai ka zaɓa ka zauna ake jefa ta a tafasasshen ruwa, kafin ka gyara hula an tsame, kuma a take ake so ka ci. Mutumin Yankara kuwa ana ajiye masa kwano zai hangi surukin maƙwabcinsa, ya shiga ina gajiya, ina iyali, yaya damina. Ƙanena yana tsaye yana kallon taliya tana kumbura, kamar mai kallon akuya a gonarsa.

Na daɗe ina lallashin Baba. Wata ran kasuwa da ya zo sayar da rago na ce, "Baba, ko ƙafa ka sa, ka ga inda ya aje kansa."

"Ni ban cin abinci kasuwa," in ji shi. Amma da na kama hanya sai na ji takunsa a bayana.

Ranar babu "Maraba!" Ƙanena ya gane takalman Baba tun daga ƙasan labule. Baba ya zauna a kan benci, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya yi tambaya kamar bai taɓa ganin mai shagon ba.

"Mi kuke saidawa nan?"

Ƙanena ya lissafa masa kala ukun.

"Ba ni mai daddawar."

Hannun da ya saba bai tsaya shawara ba, ya dunƙulo taliya ya jefa a ruwa. Tana nutsewa Baba ya gyara zama ya ce, "To, ko can ba a gaida uba?"

Ƙanena ya zagayo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Na zaci "lafiya" ɗin nan ce za ta fito a wuce wurin. Sai Baba ya buɗe gaisuwa gaba ɗayanta. Ina kwana, ina gajiya, yaya mai ɗakinka, yaya yaran, wanda ya yi tari ya warware? Ya tambayi surukai, ya tambayi mai gidan haya, ya tambayi ko ruwa ya sauka a Yankara kamar yadda ya sauka a Tafoki. Har tsohon Japan sai da aka tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa. Tukunya tana ta ɓararraka a bayansu.

Na san abin da ke faruwa a cikin ruwan nan, na yunƙura in tsame. Ƙanena ya ɗan girgiza mini kai ba tare da ya ɗago ba. Nan na gane, na koma na zauna, tausayinsa ya kama ni. Ya daɗe yana yunwar gaisuwar nan, ba zai bari ƙarar matsami ta katse ta ba.

Da aka gama, abin da ya fito daga tukunya ya fi kusa da fate. Ƙanena ya dube shi kamar zai yi kuka, ya ce, "Baba, wagga ta lalace, bari in zubar in sake."

"Zubarwa? Can ka koyo wannan kuma? Kawo nan."

Ya ture tsinkayen gefe, ya karɓi cokali, ya yi bismilla. Ya ci, ya ci, sannan ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon tas, abin da ba mu taɓa ganin wani ya yi ba sai an roƙe shi.

"Ashe tana da kirki," ya ce. "Ba ta wahal da haƙori."

Ni dai na sunkuyar da kai don kada dariya ta ƙwace mini. Kwano mafi muni da aka taɓa fitarwa a shagon nan, shi ya samu yabo. Baba ya miƙe, ya kai bakin labule, ya tsaya.

"Allah shi yi ma sana'ar ga albarka. Kasuwa mai zuwa ka yi mani irin wagga sak."

Ƙanena ya ce amin, ya juya wajen tukunya, ya daɗe yana goge ido yana cewa hayaƙi ne.

Haka aka ci gaba har Allah ya karɓi ran Baba, bai taɓa ɗanɗana taliyar yadda ake yin ta ba. Na taɓa tsokanar ƙanena, na ce duk wannan ilmi da aka tsallaka teku aka ɗebo, ko sau ɗaya ba za a ba tsoho mai kyau ya ji bambanci ba?

Ya ce, "Yaya, mai kyau ai nan da nan ake tsame ta. In na ba shi ita, yaushe za mu gaisa?"