Ciyayyar Ƙofar Gidan Baffa

Ni mutum ne mai baki, kowa ya shaida. Tun ina yaro innata take cewa cikina ba ya riƙe kunu, balle magana. Sai ga shi Allah ya kai ni aikin da rabinsa allura ne, rabinsa kame baki.

A shekarun nan ne na gab da samun mulkin kai, ina sabon malamin asibiti a Kaduna. Ina zaune gidan baffana a Badarawa, lokacin ƙauye ne sosai, dawa har bakin danga, kullum in taka keke zuwa gari. Da na kama aiki aka shigar da ni ƙungiyarmu ta malaman asibiti. Ranar shiga, shugabanmu, wani dattijo Bazazzagi mai furfura har a gira, ya sa muka ɗaga hannu muka ɗauki alkawari. Ba ka bin gidaje kana yi wa mutane allura don a ba ka goro. Ba ka wulaƙanta majiyyaci ko da ya zage ka. Abin da ka gani a jikinsa kuwa, ko uwar da ta haife ka ba ta da rabon ji. Wanda ya karya, ƙungiya ta kore shi, kuma babu asibitin da zai sake ɗaukarsa. Na ce a raina, wannan ai shan ruwa ne.

A ƙofar gidan Baffa ake ciyayya. Da an idar da magariba, kowane magidanci a layin sai a fito masa da tuwonsa, a shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ci tare, kai da kai. A ƙarshe a kawo ƙwaryar fura, ludayi ɗaya ya zagaye kowa. Cikin masu zama akwai wani tela mai ɗinki a bakin kasuwar Kawo, aminin Baffa tun kafin a san za a haife ni. Shi ne mai ba da dariya a wurin. Ni kuwa ya mai da ni abin tsokana, wai ɗan bokon da ke sokar manya a ɗuwawu.

Wata safiya na ɗaga labule in kira na gaba, sai ga telan a kan benci, ya sunkuyar da kai. Likita ya riga ya duba shi. Tarin fuka ne. Aka ɗora shi a kan allura, kuma ni aka ba shi.

Da muka keɓe ya kama hannuna. Ya ce, "Ɗana, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. In aka ji, wa zai ƙara kawo mini yadi? Mai gidan da nake haya ma kwashe mini kaya zai yi, ga iyali."

Na ce, "Baba, bakina a ɗinke yake. Amma likita ya gaya maka, kwanonka daban, ludayinka daban. Ka bar zuwa ciyayya."

Ya ce, "In ce musu me? Wanda ya janye kwanonsa ba dalili ai gaba ya ƙulla. Tambaya za su yi ta yi har su tono."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Da magariba ya zo ya zauna a gurbinsa, gefen Baffa. Ina kallo ya sha fura, ya danne tari a cikin hannun riga, ya miƙa wa Baffa ludayin. Baffa kuwa tsoho ne, kowace damina sai ƙirjinsa ya kwantar da shi. Wallahi ji na yi kamar in fizge ludayin in jefa shi bayan danga. Na ci gaba da cusa tuwon da ban san ɗanɗanonsa ba.

Na gwada dabara. Na sayo ludaya na zube a tabarma, na ce kowa ya ɗauki nasa, haka ake yi yanzu. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai, bokon ne ya fara hawa kai? Da ludayi ɗaya muka tsufa, wa ya mutu?" Aka kwashe da dariya, aka aika wa mata su ɗebi miya da su.

Na tafi wurin shugabanmu, ban kama suna ba, na zayyana masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum yana gani wuta za ta ci gidansu, sai ya yi shiru don ya ɗaga hannu?" Ya ce, "Ranar da ka faɗi na mutum ɗaya, masu tari goma za su ƙi zuwa asibiti, su mutu a ɗaka su shafa wa 'ya'yansu. Mai cutar za ka matsa wa, ba gari za ka gaya wa ba." Na fito ina huci. Na san bai yi ƙarya ba, amma ba baffansa ne ke karɓar ludayin ba.

Na matsa wa telan kuwa, har da rashin kunya. Na ce masa in tsohon nan ya kamu, alhakin yana wuyansa. Ya ɗaure mazagin wando, sannan ya ce, "Yau da magariba, duk abin da na ce, kada ka tanka."

Da magariba, ana buɗe kwanon gidansa ya ture hannuna. Ya ɗaga murya ya ce ya daɗe yana lura da ni, ina yatsina in an zo kan tuwonsa, don na ci boko na mai da shi ƙazami. Ya rantse ba zai ƙara zama tabarmar da nake zama ba. Ya ɗauki kwanonsa ya tafi. Ni mai baki, aka wanke ni tas a gaban manya ban ce uffan ba, kowa kuma ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Baffa ya daina amsa gaisuwata. A layi ana nuna ni da baki. Na shanye, don aƙalla ludayin ya daina bi ta bakin telan. Abin da ban hango ba shi ne sulhu.

Ran wata Juma'a bayan la'asar Baffa ya tasa ni gaba, da dattawan layi, har da ƙwaryar fura a hannun ɗayansu, don in an shirya a sha tare a wanke zukata. Muka sami telan a zaurensa. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini." Baffa ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Ni na zo da kaina. Ka dubi zamanmu, ka haƙura, ka dawo gurbinka." Ya ɗebo fura ya miƙa masa.

Telan ya dubi ludayin, ya dube ni. In ya karɓa, komai ya koma yadda yake. Ina durƙushe ina roƙon Allah kada ya yafe mini. Ya ce, "Ban haƙura ba."

Aka yi salati. Baffa ya mai da furar cikin ƙwarya, ya sa hularsa, ya fita bai yi sallama ba. A hanya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ka yi naka, ɗana. Ashe duk shekarun nan da mai baƙin ciki nake haɗa hannu a kwano." Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Kalma biyu kawai, da na wanke mutumin nan. Na haɗiye, idona ya kawo ruwa, Baffa ya zaci kunyar da aka ba ni ce.

Da safe telan ya zo allura kamar kullum. Bai yi tsokana ba, ni ma ban iya kallon fuskarsa ba. Ya kwanta a kan benci ya fuskanci bango. Ina jan magani a sirinji ya ce, "Tsohon bai fara tari ba dai ko?"

Na ce, "Bai fara ba, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Soka."